Ajiya Maganin Wata Rana

A garin Daura ta ƙasar Ƙaraye akwai wani tsohon malamin firamare wanda ya yi shekaru yana bin ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, yana ɗaukar tarihi daga bakin dattawa, musamman waɗanda madatsar ruwa ta Calawa ta tasa daga kufansu bayan kammala ta a 1992. Da ya gama, sai ya kai littattafansa Kano aka buga masa su a kwamfuta, aka zuba a fayafayan fulofi guda tara. Littattafan kuwa gara ta cinye su. Shi dai hankalinsa kwance, don a ganinsa ajiya ta yi kyau.

Shi wannan faifai ɗan ƙarami ne, faɗinsa inci 3.5, abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 1.44 ba, wato ko hoto guda na wayar yau ba lalle ya shiga ba. Rubutun yana kwance ne a kan wani siririn leda mai maganaɗisu, wanda zafi da ƙura da laima suke ci sannu a hankali. Kamfanin Apple ya fitar da iMac ba ramin faifan tun 1998, Sony kuma ya daina ƙera shi a 2011.

Da ɗansa ya zo hutu daga jami'a, sai ya miƙa masa fayafayan a ɗaure cikin tsumma, ya ce, "Ungo, sa mini a taka in gani." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai tawa ba ta da inda za a zura shi." Dattijo ya yi shiru, domin duk waɗanda suka ba shi labarin nan sun riga mu gidan gaskiya.

Ɗan bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya tafi titin Beirut a Kano, ya samo na'urar karanta faifan wadda ake jonawa ta kafar USB. Huɗu suka buɗe. Biyar ɗin da suka ƙi ya kai wa wani mai gyara da ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur. Ita ta karanta uku, aka kwashe. Lalle da tsohuwar zuma ake magani. Biyu kuwa sun tafi ke nan.

Sai kuma wata sabuwa ta ɓullo. Duk inda ɓ da ɗ da ƙ suke, wata baƙuwar alama ce ta fito, har sunan Ƙaraye bai tsira ba. Dalili shi ne, a lokacin ana aron gurbin wasu alamomi ne a ɗora haruffa masu lanƙwasa, sabuwar kwamfuta kuwa ba ta san da wannan aro ba. Uba yana tunawa, ɗa yana gyarawa, har suka kammala.

Malamanmu na da sun san cewa littafi ba ya rayuwa sai ɗalibi ya sake kwafe shi da hannunsa. Abin bai sake ba har yau. Saboda haka duk wanda yake da kundin digiri ko waƙoƙin da ya tara a irin wannan faifai, ya kwance tsummansa tun na'urar da za ta karanta shi tana da sauran numfashi.