Hoton Ɓataccen Ɗa a Birnin Sant Fitasbag

Jirgin ƙasa ne ya kawo ni Sant Fitasbag daga Mosko a watan Yuni, lokacin da dare ke ƙin yi a garin. Masauki kam sai dai Allah ya kyauta: ɗaki kamar akurki, labule yagagge, ƙarfe goma sha ɗaya na dare gari fayau, mutum ya rasa gane Magariba balle Isha. Tsohuwar da ke kula da gidan ce ta wanke laifin masaukin. Kullum da safe ga shayi ga baƙin burodi, kuma ita ta haɗa ni da jikanta mai jin Turanci ya raka ni gidan tarihi na Hermitage, a bakin kogin Neva.

Zinariyar gidan tarihin ba ta tsayar da ni ba. Wani hoto ne ya tsayar da ni, zanen Rembrandt mutumin Holan, wanda ya yi dab da rasuwarsa a 1669. Tsayinsa ya haura mita biyu da rabi. Sarauniya Katarina ce ta saye shi a 1766.

Yaron ya ce misali ne daga Linjilar Luka, sura 15. Ƙaramin ɗa ya nemi rabonsa na gado uban yana raye, ya tafi uwa duniya ya yi facaka da shi, har yunwa ta kai shi kiwon aladu. Da ya dawo, uban ya yanka masa maraƙi. Kiristoci na fassara uban da rahamar Allah, ɗan da mai tuba.

A hoton, ga ɗan durƙushe cikin tsumma, kai a aske, takalmi ɗaya ya fice, tafin ƙafa duk rauni. Tsohon ya dafa bayansa da hannu biyu, ɗaya kakkaura, ɗaya siriri. Wasu na cewa na uba ne da na uwa.

Ni fa rashin kunyar farko ce ta tsaya mini a rai. Gado da ran uba! A wajenmu ko ya dawo, ba zai faɗo gida kai tsaye ba. Sai ya bi ta wajen baffa ko aminin uban, a zo a ba da haƙuri, uban ya kawar da kai ya ce ya wuce, ko da zuciyarsa fes take. Wannan kawaicin ya fi mini runguma a gaban jama'a.

Daga dama a hoton wani dogo na tsaye da jar alkyabba, ya harɗe hannu, fuska ba yabo ba fallasa. Akasari ana ɗaukarsa wan ne, wanda ya zauna ya yi wa uban bauta ba a taɓa yanka masa ko ɗan akuya ba. Jikan ya ce hassada ce ke cinsa. Na ce, "Ɗana, je ka tambayi wanda ya taɓa riƙe gida ƙanensa na yawon banza." Uban ya kyauta da ya yafe, amma wan ma yana da magana.