"Buƙata ce ta taso": zare kan bindigar iska 'yar hannu

1/ Jiya wani ya saka hoton bindigar iska a status, ya rubuta: "Garau take, buƙata ce ta taso." Na yi dariya ni kaɗai. Haka aka ce min ranar da na sayi tawa, kuma saura ƙiris in faɗa wa wani haka ranar da zan rabu da ita. Ku gyara zama. 🧵

2/ Kaka ta gabato, tsuntsaye sun addabi geron Baba a gonarmu ta hanyar Sandamu. Na gaji da kaɗa gwangwani da ihu. Wani abokina ya haɗa ni da wani mutum a Mai'adua, ranar Lahadi ana cin kasuwa. 'Yar China ce, irin wadda ake karyawa a saka harsashi ɗaya. Kusan rabin kuɗin sabuwa.

3/ Na ce, "Yallaɓai, me ya sa za ka sayar?" Ya ce buƙata ce. Ban ƙara tambaya ba, araha ta rufe min ido. Sai da na yi shekara da ita na gane dalilan da ke sa irin waɗannan bindigogin yawo daga hannu zuwa hannu.

4/ Na farko, buri. Waɗanda kake gani a TikTok suna kaɗo tsuntsu daga nesa, yawanci masu tankin iska ne, kuɗinsu ya ninninka na tamu. Tamu sifirin ne a cikinta. Kana jan kunama sai ya tunkuɗa iska, bindigar ta girgiza tun harsashin bai fita ba.

5/ Don haka in ka damƙe ta kamar soja, ka kuskure. Sako-sako take so, kuma riƙo iri ɗaya kullum. Sati biyu na yi ina harbin gwangwanin madara kafin in fara samu. Mutane da yawa a kwana na uku suke cewa "ba ta da saiti", su jingine ta.

6/ Ga jan baki kuma. Garke guda ne zai sauka, kai kana da harsashi ɗaya. Kafin ka karya, ka ɗura, ka saita, sun koma ɗaya gefen gonar suna ci. Wallahi yaron maƙwabcinmu da dankonsa ya fi ni kawo kurciya gida 😂

7/ Na biyu, lalacewar da ido ba ya gani. Akwai wata roba ko fata a ciki da ke toshe iska. Abu biyu ke kashe ta: harbawa babu harsashi don a burge abokai, da ɗura mata baƙin mai. Man zai kama da wuta a ciki, ta yi ƙara da hayaƙi, ka ce ta ƙara ƙarfi. Ƙonewa take.

8/ Tawa haka ta zo. Da wani mai gyaran keken ɗinki ya buɗe min ita, fatar ta zama gawayi. Babu inda za ka samu kayan gyaranta a kusa, daga tsohon takalmi ya yanko wata. A nan na gane "buƙatar" da ta taso wa mutumin Mai'adua.

9/ Na uku, harsashi. Akwai mai 4.5, akwai mai 5.5, kuma sai wanda ya dace da bakin taka. Ni sai na yi sautu daga Kano. Tun da naira ta faɗi a 2023, gwangwani ɗaya sai ka yi tunani. Masu arahar kuma rabinsu a lanƙwashe suke zuwa.

10/ Na huɗu, tsoro. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta saka bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake mallaka. Ban sani ba lokacin da na saya. Kuma daga nesa ba ta da maraba da ta gaske. A halin da Jihar Katsina ke ciki, wa zai tsaya ya ji "ai ta tsuntsu ce"?

11/ Na taɓa naɗe ta a buhu na ɗaura a mashin, na hango shingen jami'an tsaro a gaba. Ban san sanda na juya ba. Tun daga ranar ta rage zuwa gona.

12/ Amma ni ba ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya raba ni da ita ba. Wata Juma'a na ɗura ta don wata kurciya da ta sauka kan katanga, ta tashi. Aka kira salla. Na jingine ta bayan ƙofa na fita, na manta a ɗure take.

13/ Ɗan yayata, shekararsa takwas, ya ɗauka. Suna wasan ɗan sanda da ɓarawo da ƙanwarsa. Ya nuna ta, ya ja. Harsashin ya huda ƙofar langa-langa, bai fi taƙi ɗaya da kanta ba. Bindigar da na raina, wadda ta kasa kurciya.

14/ Yaya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kamo hannuna ta tsayar da yarinyar inda take, ta ce, "Auta, auna da kanka." Na auna. Daidai idonta ne tsayin ramin. Baba kuwa cewa ya yi, "Kai da ita, ɗaya ne zai kwana a gidan nan."

15/ Washegari mai saye ya zo. Ɗan sakandare ne, da kuɗin da ya tara a asusu. Ya ce, "Yaya, me ya sa za ka sayar?" Na buɗe baki zan ce buƙata ce, sai na ji kunyar Allah. Na ce ƙanne nawa gare ka? Ya ce biyar.

16/ Na faɗa masa komai: fatar takalmi, tsadar harsashi, lasisi. Na nuna masa ramin ƙofa. Duk da haka ya ce yana so. Na ce ba zan sayar maka ba. Ya tafi yana fushi, har yau ba ya gaishe ni sosai.

17/ Wurin mai walda na kai ta ya yanka bakin gida uku. 'Yan gwangwan suka auna ƙarfen, kuɗin bai kai na katin waya ba. Geron Baba kuma mun koma gwangwani da ledoji a igiya, kamar yadda muka taso muka gani.

18/ In dole sai ka sayi 'yar hannu: nemi lasisi tukuna, harba ta sau goma a gaban mai ita, ka tambaye shi da me yake shafa mata mai. In kai ne mai sayarwa, faɗi aibinta. Ramin nan yana jikin ƙofarmu, Yaya ta hana a toshe.

19/ Wa ya taɓa saya ko ya sayar? Ban da "buƙata ce", mene ne ainihin dalilinka? 👇