Kafin Mu Tofa Albarkacin Bakinmu Kan Kimiyya



A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani gajeren saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan Najeriya cikin dare guda: a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafi.  Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata shi, an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu, domin gishiri mai yawa yana tayar da hawan jini.

A 2020 kuma aka ce fasahar 5G ce ke yaɗa korona. An tabbatar da cutar a Najeriya a watan Fabrairun shekarar, alhali kamfanonin waya ba su fara ba jama'a 5G a ƙasar nan ba sai 2022. Ballantana ma 5G igiyar rediyo ce, dangin wadda ke kawo mana labaran safe, kuma ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mu ne masu iya sarrafa Hausa, kuma jimlar da ta tsaru ta fi saurin shiga zuciya. Akwai dattijo a ƙauye da ba zai taɓa karanta rahoton likitoci da Turanci ba. Abin da jikansa ya karanta masa daga rubutunmu shi ne iyakar abin da zai sani.

Mu da muka ɗan taɓa darasin haɗa manhaja a kwalejin fasaha mun ga wani abu. A yaren C, idan alamar rubutu guda ta faɗi a ƙarshen layi, kwamfuta za ta ƙi aikin, ta nuna maka inda ka kauce. Mai karatu ba ya yin haka. Yarda yake yi da kai, ya tura wa mutum goma.

Don haka idan sabon labari ya ɓullo, na magani ne ko na ƙirƙirarriyar basira, mu dakata mu tambayi kanmu: wa ya faɗa, yaushe, kuma za mu iya bayyana yadda abin yake aiki da Hausar da mahaifiyarmu za ta gane? Idan ba za mu iya ba, lokacin rubutu bai yi ba tukuna. Mu nemi likita ko injiniya mu tambaya, mu koma mu karanta. Wanda ya riga mu wallafawa da awa biyu bai ƙwace mana komai ba.

Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ko ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Allah Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma. Sai mako mai zuwa.