Yadda Na Yi Wa Ragon Inna Aski

Wasu daga cikinku sun daɗe suna tsokanata da sunan "wanzamiyar rago", wasu ma suna kiran sunan ba su san asalinsa ba. Tunda shugabar kulob ɗinmu ta ce kowa ya rubuto wani abu da ya koya a bana, na ga gara in ba da labarin da bakina kafin a ƙara masa gishiri.

Abin ya faro ne a darasin aikin gona, saura mako uku Babbar Sallah. Malam yana koya mana amfanin dabbobi: nama, nono, fata, taki da ulu. Ya nuna mana hoton wata tunkiya a littafi, sunanta Merino. Ya ce asalinta daga ƙasar Sifen ne, amma yanzu Ostireliya ta fi suna wajen kiwonta. Gashi ya lulluɓe ta har da kyar ake ganin idonta. Sau ɗaya a shekara ake yi mata aski, a wanke gashin a fitar da maiƙonsa, a taje shi, a kaɗa ya zama zare, sannan a saƙa rigar sanyi ko bargo. Malam bai gama bayani ba hankalina ya koma gida, inda Inna ta turke wani farin rago mai geza har ƙirji. Da ya ce kowa ya kawo aikin hannu kafin a yi hutu, sai na miƙe na ce ni zaren ulu zan kawo, kuma na ragonmu. Aji ya kwashe da dariya. Malam ya yi murmushi ya ce in karanta shafi na gaba tukuna. Ban karanta ba.

Wannan rago ba na layyarmu ba ne. Inna ta saye shi yana ƙarami, ta yi wata bakwai tana ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayin wake, don ta sayar gab da Sallah a biya wa Yaya kuɗin rajistar makaranta. Na san da haka sarai, amma dariyar da aka yi mini ta fi damuna.

Ranar Asabar Inna ta tafi gidan suna. Na ɗauko almakashinta, na ba ƙanena alewa biyu ya riƙe mini ƙaho. Ragon bai yarda ba, yana ta fizge-fizge, saboda haka askin ya tafi a karkace. Na datse gezar kakaf, na kuma yi masa wani fili a gefen ciki. Da na cika leda sai na nufi ɗakin Kaka, domin na san tana da mazari a cikin wata tsohuwar taskira a ƙarƙashin gadonta.

Kaka ta leƙa ledar, ta dube ni, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Kishiya, wa ya ce miki ana kaɗa gashin rago?"

"Malaminmu ya ce, kuma a littafi yake."

"To zo ki kaɗa in gani."

Na ɗebi gashin na yi ta murzawa, yana warwarewa yana zuba a cinyata. Sai ta zaro sili ɗaya ta ɗora a tafin hannuna, ta tsinko 'yar auduga ta ajiye kusa da shi. Gashin ragon a miƙe yake, ga tauri ga santsi, kowane sili yana harkar gabansa. Audugar kuwa laushi gare ta, in ka ja kaɗan sai saura su biyo. Kaka ta ce abin da ba ya riƙe ɗan uwansa ba ya zama zare.

Da Inna ta dawo na ɗauka duka zan sha. Ba ta taɓa ni ba. Ta zauna a kan turmi tana kallon ragon, ta daɗe ba ta ce komai ba, ni kuwa na gwammace ta dake ni. Ranar kasuwa Baba ya kai shi. Masu saye suka riƙa tambaya ko ciwon fata yake yi, dillali kuma ya ce gezar ce take ƙara wa rago kwarjini a idon mai layya. Aka sayar da shi da ragin naira 8,000 a kan tayin da wani maƙwabcinmu ya yi kafin askin. Sai da Inna ta roƙi uwar adashinsu ta ba ta ɗauka tun lokacinta bai yi ba, sannan kuɗin Yaya ya cika.

A daren na je na durƙusa na ce, "Inna, ku yi haƙuri, zan biya."

Ta ce, "Da me za ki biya?"

Kaka ta amsa daga ƙofar ɗakinta, "Da mazari. Tunda kaɗi take so, gobe ta zo."

Washegari bayan la'asar na fara. Na zaci za a miƙo mini mazari nan take, ashe da sauran tafiya. Kaka ta buɗe wani buhu mai sauran audugar bara ta gonar Kawu. Aikin farko shi ne gurza: a ɗora audugar a kan magurji, wato wani shafaffen dutse, a danna ta da siririn ƙarfe ana mirginawa har anguryar ta fita gefe. Ba a zubar da angurya, ana ba shanu ko a ajiye don shuka. Kwana biyu ina gurza, tafin hannuna ya yi ja. Daga nan sai shiɓa. Akwai wani ɗan baka mai tsirkiya, a cusa tsirkiyar cikin audugar ana tsinkawa da yatsa, har ta tashi ta yi sako-sako, datti ya zube. Ranar atishawa na yini yi. Sai a ɗebi wadda aka shiɓe a naɗa a jikin ɗan kara, shi ake riƙewa a hannun hagu.

Mazari kuwa siririn tsinke ne mai tsini, an zura masa wani dunƙulen yumɓu a ƙasa, sunansa gululu. Nauyin gululun ne yake sa mazarin ya daɗe yana juyawa. Ana kafa tsininsa a cikin ɗan ƙoƙo don kada ya gudu. A shafa alli a yatsu saboda gumi da santsi, kuma wannan alli da ƙonannen ƙashi ake yin sa, ba irin na allon ajinmu ba ne. Hannun dama ya murza mazari, hannun hagu ya ja audugar sama a hankali, murɗin ya hau ta ya zama zare. In ya kai tsawon hannu a naɗe shi a jikin mazarin, a sake murzawa, kullum ta ɓangare ɗaya.

A baki abin da sauƙi. In na ja da sauri zaren ya tsinke, in na yi jinkiri ya yi gudaji, in na cika murzawa ya ƙudundune. Sau uku gululun yana faɗuwa ƙasa, a na ukun gefensa ya ɓalle, Kaka ta ce wannan gululu ya girmi Inna. A rana ta tara na jefar da karan na yi kuka, na ce ni na fasa. Kaka ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Ragon ma bai so aski ba, amma ya tsaya an yi masa." Dole na yi dariya na ɗauki karan.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Kaka ba ta gani sosai yanzu, yatsunta kuma sun kumbura da sanyin ƙashi, amma da ta shafa zarena za ta nuna mini inda ya yi kauri da inda zai tsinke. Ita ta koya mini bambancin abawa, zare mai kauri da sassauci, da arafiya, siriri mai kyau wanda sai gwanaye. Ta ce lokacin ƙuruciyarsu a nan ƙasar Funtuwa, inda ake noman auduga, kusan kowace yarinya ta iya kaɗi, da dare ake zama a gaban fitilar aci-bal-bal ana yi ana tatsuniya. Gwadon da take lulluɓa da shi a hunturu, ita ta kaɗa zarensa kafin aurenta. Inna ba ta koya ba, domin a zamaninsu yadin kanti ya riga ya cika kasuwa. Da na ba malamar tarihi labari, ta ce wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a can har Timbuktu da Tarabulus ake kai su. Na tuna duk wannan zare da hannu aka kaɗa shi, da irin mazarin da na jefar.

Daga baya na buɗe shafin da Malam ya ce in karanta. Ga shi nan a rubuce: tumakinmu, wato 'Yankasa da Uda da Balami, masu gashi ne ba masu ulu ba, don nama da fata ake kiwon su, kuma gajeren gashinsu shi ya dace da zafin ƙasarmu. Ulu na gaskiya a lanƙwashe silinsa yake, shi ya sa yake sarƙe juna. Da na karanta layi biyar ɗin nan tun farko, da Inna ba ta yi asara ba.

A makon ƙarshe kafin hutu na kawo mazarina da dunƙulen abawa aji. Malam ya sa na zauna a gaba na kaɗa kowa yana kallo, zaren ya tsinke sau ɗaya kawai. Ya ce da irin wannan mazari mutanen ƙasashe masu sanyi suke kaɗa ulu da hannu. Sannan ya ba ni maki 7 cikin 10, wai ulu na yi alkawari na kawo auduga.

Akwai wani tsohon masaƙi da yake zuwa daga ƙauye ranar kasuwa, shi yake sayen zaren Kaka tun da daɗewa. Dunƙulena biyu na farko ya dawo da su, ya ce za su tsinke masa a masaƙa. Na uku ya karɓa. Zuwa yau na ba Inna naira 1,500, saura 6,500. Ta ce ta yafe mini tuntuni, amma duk wanda na kawo karɓa take yi ta jefa a wani gwangwanin madara, ba ta gaya mini abin da za ta yi da shi ba. Audugar buhun ta kusa ƙarewa, Kawu ya yi mini alkawarin wata in an tsinci ta bana.

A unguwarmu Kaka ce kaɗai ta rage mai kaɗi, sai ni da nake abawa mai gudaji. Duk wadda take da kaka a gida, ta tambaye ta ko tana da taskira a ƙarƙashin gado. Mai son ganin yadda ake yi kuma, mace ko namiji, ya same ni ranar Alhamis lokacin tara a gindin darbejiyar bayan ajinmu. Zan zo da mazari da alli, ku zo da audugarku. Ragon gidanku dai ku bar shi da gezarsa.



Daga 'yar kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.