Tabkin Annecy: inda ake auna hanya da ƙafar yaro

A gabashin ƙasar Faransa, cikin jahar Haute-Savoie, kamar kilomita 40 kudu da birnin Jeneba na ƙasar Suwis, akwai wani tabki da ke kwance tsakanin duwatsun Alp, ana ce da shi tabkin Annecy. Tsawonsa ya ɗara kilomita 14, zurfinsa a wuri mafi zurfi ya kai mita 82, ruwansa kuwa garai-garai, har mutum kan tsaya a bakin gaɓa ya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Manyan duwatsu sun kewaye shi, babbansu shi ne Tournette, mai tsawon mita 2,351. Duk wanda ya ɗaga kai ya dube su zai ce wannan ƙasa ta majiya ƙarfi ce kaɗai. Amma abin da ya fi jan hankali a wurin shi ne yawan hanyoyin ƙafa da aka gyara domin mai gajeren taki, wato yaro, da tsoho, da uwa mai goyo.

Kafin a zo kan hanyoyin, ya kamata mai karatu ya san cewa tabkin nan ya taɓa kusan mutuwa. Bayan yaƙin duniya na biyu garuruwan bakin ruwa sun cika, otal-otal sun yawaita, kuma kowa yana sako ƙazantarsa cikin tabki. Ruwa ya fara gurɓata, gansakuka ta yawaita, kifayen da ke son ruwa mai tsabta suka soma raguwa. Wani likita na birnin, Paul Servettaz, ya yi ta kiran jama'a da hukuma su farka, magajin garin Annecy na lokacin, Charles Bosson, ya mara masa baya. A shekara ta 1957 garuruwa 8 suka haɗa kai suka kafa ƙungiya guda ta kula da tabki. Sannu a hankali aka binne babban bututu kewaye da ruwan, wanda ke kwashe dattin gidaje ya kai shi wurin tacewa nesa da gaɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau daga tabkin nan mutanen birnin suke shan ruwa, a cikinsa kuma ƴaƴansu suke koyon iyo.

Hanya mafi sauƙi tana can ƙarshen tabkin ta kudu, kusa da garin Doussard, a wani fadama da ake kira Bout du Lac, wanda hukuma ta keɓe tun shekara ta 1974. An shimfiɗa katako bisa laka, shimfiɗa mai faɗi marar tudu, ta yadda keken tura jariri da keken guragu duk suna wucewa ba wahala. Hanyar tana ratsa kurmi da dogayen ciyayin ruwa masu kama da kara, inda agwagin ruwa ke yin sheƙa, har ta kai ga kufan wata tsohuwar hasumiya da ake hangen tabki daga gare ta. A nan ne wata dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya take zaune, wadda Faransawa ke kira kastor. Da wuya a gan ta da rana, amma yara sukan tsinci sawun aikinta, wato kututturan itatuwan da ta sassaƙe da haƙora kamar an fiƙe fensir. Doka ta hana shiga da kare, ta hana tsinkar fure, ta hana sauka daga hanya, domin ciyayin nan sun ragu ƙwarai a ƙarnin da ya wuce, sai da aka kakkafa turaku cikin ruwa don kare su daga igiyar ruwa.

Daga nan, in an bi gaɓar yamma aka nufi birnin Annecy, akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa birnin da Albertville. Da jirgi ya daina bi, ba a bar ta ta zama kango ba, sai aka zuba mata kwalta aka hana mota hawa. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, hanyar ta zo miƙe kamar tabarma. A kanta ne yaran yankin da yawa suke koyon keke, iyaye na biye da su.

Yaron da ƙafarsa ta fara ƙwari, sai a haye da shi gaɓar gabas, zuwa dutsen Roc de Chère, tsakanin Menthon-Saint-Bernard da Talloires, wanda shi ma aka keɓe a shekara ta 1977. Tafiya ce ta awa ɗaya zuwa biyu cikin inuwar itatuwa. Abin mamakin wurin shi ne tsirran ƙasashe masu ɗumi suna rayuwa a gefen da rana ke duka, na ƙasashen sanyi kuma suna cikin kwazazzabai masu laima, tazararsu ba ta wuce jifa ba. Can ƙarshe hanya takan ɓullo bisa gaɓar dutse, tabki shimfiɗe a ƙasa. A nan dole babba ya riƙe hannun ƙarami, don dutsen ya yanke tsaye har cikin ruwa.

Wanda kuma yake son ƴaƴansa su taka ƙololuwar dutse ba tare da sun galabaita ba, Semnoz ne wurinsa. Tsawonsa mita 1,699, amma hanyar mota ta kai kusa da kansa, abin da ya rage tafiya ce ta ƴan mintoci cikin makiyaya. Ranar da sama ta washe ana hango Mont Blanc, dutsen da ya fi kowane tsawo a duwatsun Alp, fari fat da ƙanƙara. Lokacin zafi makiyaya kan hau da shanu su zauna can sama, kowace saniya da ƙararrawa a wuya, suna tatsa suna yin cuku. A watan Oktoba, in sanyi ya gabato, sai su gangaro, birnin Annecy kuma ya yi musu bikin tarba, a ratsa tituna da dabbobi.

Ba kowace hanya ce ta yara ba, kuma mutanen wurin ba sa ɓoye wannan. Hawan Tournette sai an kama sarƙa an taka tsani, aikin manya ne. Hanyar magangarar ruwa ta Angon gajeriya ce, amma an sassaƙe ta cikin dutse, kullum jiƙe take da santsi. Shi ya sa alluna na mararraba sukan faɗi awowin tafiya maimakon su tsaya ga kilomita, tun da kilomita ɗaya ta hawa ta fi uku ta fili cin ƙarfi. Fenti ruwan ɗorawa a jikin itace ko dutse alamar gajeriyar hanya ce, fari da ja alamar doguwa ce ta kwanaki, inda aka gicciya fenti kuwa ba hanya ba ce. Masu hankali sukan yi sammako, domin hadari yakan taso da la'asar a lokacin zafi, sukan kuma ɗauki ruwa da rigar sanyi ko da gari ya yi ɗumi a ƙasa, saboda kowace mita 1,000 ta hawa tana rage zafi da kusan digiri 6. In aka gamu da babban farin karen da ke gadin tumaki, ba a gudu, ba a kuma ratsa garke, sai a kewaye shi a hankali.

Duwatsun da tabkin ba hannun mutum ya yi su ba, amma tsabtar ruwan da katakon da ke bisa laka da fentin da ke jikin itace, duk aikin mutane ne da kuɗin harajinsu, ana sabunta su shekara bayan shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka kawo ya ga kututturen da kastor ya sassaƙe, aka hana shi tsinkar fure, shi ne gobe za a tambaya ko ya yarda a ci gaba da biyan kuɗin gyaran bututun da kakanninsa suka soma binnewa.