Odumase: Garin Da Ake Daka Kwalba A Turmi

Wanda ya tashi daga Ankara ya bi ta Dodowa da Somanya, zai iske garin Odumase na ƙasar Krobo, a Jihar Gabas. Mu dai abin da ya kai mu shi ne ganin inda ake yin duwatsun adon nan da matanmu na zango ke saye idan biki ya taso. To, 'yan uwa, ashe yawancinsu daga kwalabe ake yin su, irin waɗanda muke watsarwa a kwata a Nima da Sabon Zango, har su riƙa yanke ƙafafun yaranmu.

A bayan gida ake aikin, ƙarƙashin rumfa. Za ka ga tulin kwalabe an wanke an ware su launi-launi. Ƙananan su ne abin nema, domin kuwa kwalbar magani mai shuɗi da farar kwalbar man shafawa suna ba da launin da ba a samu a ta lemo. Sai a farfasa, a zuba a turmi a daka da taɓaryar ƙarfe, a tankaɗe har ya koma gari. Garin nan ake ɗurawa a mazubin yumɓu mai ramuka, a tsakiyar kowane rami kuma a kafa tsinken ganyen rogo. Idan an sa a wuta tsinken ya ƙone, shi ne ya bar hudar da zare zai bi. Murhun kansa da ƙasar suri ake gina shi saboda tana jure zafi, itace kuma ake hurawa. Bayan an sauke sun huce, a goge su a kan dutse da yashi da ruwa. Aikin akwai wahala, ga ƙurar gilashi mai shiga ƙirji, ga shi mun ga masu dakan da yawa ba sa rufe hanci.

Su mutanen Krobo ba su ɗauki abin da wasa ba. A bikinsu na Dipo, wanda ake yi wa 'yan mata wajen watan Afrilu, ana ɗaura wa yarinya duwatsu jere-jere a ƙugu da wuya, wasu tun na kaka da kakanni. Wanda ya san Bida zai tuna da mutanen Masaga, su ma kwalba suke narkarwa su yi awarwaro.

Kasuwar Agomanya tana ci Laraba da Asabar, ta duwatsu a Koforidua kuma ranar Alhamis. A can muka tarar da Hausawa 'yan uwanmu sun baje tsofaffin duwatsu, sana'ar da suka daɗe a cikinta. Abin da ya ɗan dame mu, kayan roba da na masana'antar waje sun shigo da araha, mu kuma mun fi ruga musu, har uwar amarya ta ci bashi a kan kayan ado da ba za su kai suna ba.

Kwalaben da ba su fashe ba ma suna da rana. An san su da gyaɗa da zuma da turare, kuma idan aka wanke ƙananan, aka ɗaura musu zaren duwatsu a wuya, aka zuba turaren wuta ko humra, sun isa a raba wa 'yan biki. Ƙungiyoyin matanmu masu adashi za su iya tara su gida-gida, masu kyau su ajiye, fasassu kuma a aika Odumase, inda masu turmi ke neman su.