Masaukai Uku Da Ɗakunan Baƙin Gidanmu

Tun da na dawo daga Tanzaniya, tambayar da abokan aiki suka fi yi mini a tsangayarmu ba ta wuce ɗaya: "Dakta, a ina ka fi jin daɗin kwana?" Wasu suna tambaya ne domin suna da niyyar zuwa, wasu kuwa domin su auna yawan abin da na ɓarnatar. Nakan sallame su da gajeriyar amsa. Cikakkiyar amsar tana da tsawo, domin ta haɗa da wata taƙaddama ta cikin gidanmu wadda na bari a kan wuta ranar da na hau jirgi.

Gidanmu yana Fagge, unguwar da tun fil azal aka san ta da saukar baƙi masu zuwa cin kasuwar Kano. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fatoma ne. Ga matasan da ba su riski wannan sana'a ba, fatoma shi ne mai saukar fatake. Akwai ɗakuna uku a gefen zaurenmu waɗanda ba su taɓa zama ba kowa ba a lokacin yarintata. Mutanen Agadas da Damagaram sukan sauka da kanwa da dabino da kantun gishiri, mahaifinmu ya ba su shimfiɗa da tuwo, ya ajiye musu kuɗinsu, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu idan an ɗauki kaya bashi. Ba kyauta yake yi ba, la'adarsa yake ci idan ciniki ya faɗa. Bayan rasuwarsa ɗakunan suka koma ma'ajiyar tarkace. Sai babban yayanmu ya kawo shawarar a fasa bangonsu ta waje a mayar da su shaguna. Ni ne na fara goyon bayansa, har na zauna na yi lissafin kuɗin haya a takarda. Mahaifiyarmu kaɗai ta nuna rashin so, ita ma ba ta ce komai ba illa, "Ku dai ku yi tunani." Aka ajiye magana sai na dawo a kira magini.

Abin da ya kai ni Tanzaniya taron masana harsuna ne a garin Arusha, cikin watan Agustan 2023. Da aka tashi, na ƙara kwana tara daga aljihuna domin in ga abubuwa uku da ake yi wa ƙasar kirari da su: dutse, da dawa, da teku. Irin wannan yawo shi masu yawon buɗe ido ke kira safari, kalmar Sawahili mai ma'anar tafiya, wadda tushenta ɗaya da safara ta Hausa, dukansu daga Larabci. Na yi dariya a raina da na tuna cewa masu safarar da na sani riba suke nema, ni kuwa kashewa na zo yi.

Na fara da Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, mita 5,895. Ban yi gangancin neman ƙololuwarsa ba. Na tsaya a kan zango na farko na hanyar Marangu, wato bukkokin Mandara, a tsayin kimanin mita 2,700. Daga ƙofar gandun zuwa can tafiya ce ta wajen kilomita takwas, cikin kurmi mai danshi inda gansakuka ta lulluɓe itatuwa, birai masu farin gashi suna leƙen mutum daga rassa. Ɗan jagorata, mutumin ƙabilar Caga da ke noman ayaba da gahawa a gindin dutsen, bai fasa maimaita kalma ɗaya ba: polepole, wato sannu-sannu. Da muka isa, ina haki kamar zan shiɗe, wani ɗan dako ya ajiye mini ƙaramin daro na ruwan ɗumi a bakin bukka ya ce, "Pole, mwalimu." Na tambayi ma'anarta, aka ce sannu ce ake yi wa wanda ya gaji ko ya gamu da wahala. Ashe Sawahili ma, kamar Hausa, da kalma ɗaya take yin jaje, in ta ninka ta kuma ta ce a bi a hankali. Na shekara ashirin ina nazarin harshe, amma ban san wannan ba sai da ƙafafuna suna cikin daro.

Mandara ba ta da wani ƙawa. Bukkoki ne na katako masu tsinin jinka, da gadaje masu hawa biyu, da fitilar da ke aiki da hasken rana, da ɗakin cin abinci guda na kowa da kowa. Na kwana da baƙi uku da ban sani ba, ɗaya daga cikinsu yana minshari kamar injin niƙa. Duk da haka na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Abin da ya rage mini daɗi shi ne da na fita da asuba na ga inda 'yan dako ke kwana, a cunkushe, nesa da mu. Doka ta ƙayyade kayan baƙo da ɗan dako zai ɗauka kada ya wuce kilo 20, amma kilo 20 a ka, a kan hawa, cikin sanyi, ba wasa ba ne. Mutumin da ya ɗumama mini ruwa rigarsa ba ta kai tawa kauri ba. A gidanmu, yaran da ke yi wa baƙi hidima a tire ɗaya suke ci da mu.

Daga dutse na nufi dawa. Ngorongoro wani ƙaton kwari ne da ya samu sa'ad da dutse mai aman wuta ya rufta cikin kansa, sama da shekaru miliyan biyu da suka wuce. Zurfinsa ya kai mita 600, fāɗin ƙasansa kuwa kimanin murabba'in kilomita 260. A ciki na ga zaki da ɓauna da jakin dawa da kura da jimina, har da karkanda daga nesa. A nan na yi abin da albashin malamin jami'a bai yarda da shi ba: na biya kwana ɗaya a wani masauki da ke kan gaɓar kwarin, irin wanda ake faɗin farashinsa da dala. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda abin da ya same ni a ƙofarsa. Mun sauka daga mota ni da wasu Turawa biyu da muka yi tarayya a kuɗin haya. Aka tarbe su da tawul mai ɗumi da lemo, ni kuwa wani ma'aikaci ya nuna mini wata ƙaramar hanya ta baya cikin ladabi, ya ce can ne masaukin direbobi. Da na miƙa masa takardar biyana, sai kunya ta rufe shi, ya yi ta ba ni haƙuri. Ban riƙe shi a rai ba. Idonsa ya koyi abin da ya saba gani ne, cewa baƙin mutum a wannan ƙofa hidima yake zuwa yi.

In don kayan alatu ne, ban taɓa kwana a wuri irinsa ba. Bangon ɗakin da ke fuskantar kwarin gilashi ne tun daga sama har ƙasa. Da safe na ga hazo yana kwarara daga gaɓa zuwa cikin kwarin kamar ana juye nono a ƙwarya. Da dare kuwa na tarar an sa mini jakar ruwan zafi a cikin bargo, domin sanyin wurin yana shiga ƙashi. Ba a barin baƙo ya taka shi kaɗai bayan duhu, saboda ɓauna kan shigo harabar cin ciyawa. Wanda ya raka ni ɗaki wani dogon Bamasaye ne, yafe da jan mayafi, riƙe da sanda da tocila. Na tambaye shi ina ne garinsu. Ya haska tocilar wajen duhun kwarin ya ce kakansa a can ƙasa yake kiwo. Bai ƙara ba, ni ma ban ja maganar ba, domin na san sauran. A 1959 aka fitar da Masai daga Serengeti bisa alkawarin za su zauna a Ngorongoro da shanunsu. A tsakiyar shekarun 1970 aka tashi waɗanda ke zaune a cikin kwarin kansa. Daga 2022 kuma gwamnati ta fara kwashe iyalai zuwa Msomera, a yankin Tanga, tana cewa da yardarsu ne, da yawa daga cikinsu suna cewa tilas ce ta sa. Na kwanta a gado mai laushi ina jin kamar wanda aka saukar a gidan da mai shi ke gadi a ƙofa. Ma'aikatan sun kyautata mini iyakar kyautatawa, amma duk wurin ban ga wanda zan kira mai masaukina ba.

Zangon ƙarshe shi ne Zanzibar, a tsohon garin da aka gina da dutsen murjani, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa sun tuna mini da cikin birnin Kano, sai dai a nan iska tana ɗauke da ƙamshin kanumfari da gishirin teku. Aljihuna ya riga ya yi sanyi, don haka na sauka a wani ƙaramin gida mai hawa uku da ɗakuna shida, mallakar wata dattijuwa da ta gaje shi daga mijinta. Ƙofarsa ta katako ce mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla. A gefen ƙofar akwai abin da suke kira baraza, wanda ba komai ba ne illa dakalinmu, inda maƙwabta ke zama shan gahawa da yamma. Mai shiga yakan ce hodi, a amsa masa da karibu, tamkar sallama da maraba. Fankar ɗakina tana ƙara, ruwan famfo sai ya ga dama, matakalar kuwa tana da tsayi. Amma tun ranar farko dattijuwar ta tambayi sunana da na mahaifiyata da yawan 'ya'yana, ta nuna mini alƙibla ba tare da na tambaya ba. Ita ta gaya mini farashin da ya kamata in biya a kasuwar dare ta Forodhani don kada a cuce ni, ita ta haɗa ni da jikanta ya kai ni inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, wurin da aka gina coci a kai.

Ranar da zan tafi abin ya faru. Na fito da sauran dalolina, masu canji suka ƙi karɓa, domin tsofaffin bugu ne, abin da ban lura da shi ba sa'ad da na saye su a gida. Katina na naira kuwa a lokacin ba ya aiki a ƙasar waje. Ga kuɗin kwana uku a kaina, ga jirgi yana tashi da yamma. Na je wurinta fuskata a ƙasa na ce, "Mama, na shiga wani hali." Na miƙa mata agogona a matsayin jingina. Ta dube shi, ta mayar mini, ta ce, "Ɗana, mayar da abinka. In ka isa gida lafiya ka aiko." Ba ta sa ni rubuta komai ba. Har ta ƙara mini kuɗin mota zuwa filin jirgi, ta haɗa mini ƙullin kanumfari in kai wa mahaifiyata. A cikin motar na tuna wani Buzu da ɓarayi suka yi wa ƙaf a tasha ina yaro, mahaifinmu ya ba shi guzuri, bai dawo da kuɗin ba sai bayan damina biyu. A lokacin na ɗauka sakaci ne irin na mutanen da. Na aika mata kuɗinta cikin mako guda, ta hannun wani abokin aiki da muka haɗu a taron.

To, mai karatu, ga amsar tambayar. Mandara ta ba ni barci, masaukin gaɓar kwari ya ba ni abin kallo da ba zan manta ba, amma gidan dattijuwar nan shi na fi so, shi ne kuma inda zan koma in Allah ya sake kai ni. Dukansu uku na biya, saboda haka kuɗi ba shi ne ya bambanta su ba; mahaifinmu ma la'ada yake ci. Bambancin shi ne a wuri ɗaya kawai na sami mutum wanda gidan nasa ne, yana da ikon yanke hukunci a kansa, ya kuma ɗauki alhakina a wuyansa. Ma'aikacin da ya fi kowa kirki a babban otal ba shi da ikon cewa baƙo tafi ka aiko. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Na ƙara fahimtar cewa fuskar da ake nufi ta mai gida ce, wanda zai iya yin asara saboda baƙonsa. Masu gina otal-otal a garuruwanmu, da suke gasar tayil da fitilu, da sun tsaya a kan wannan kaɗan.

Da na dawo na je wa yayanmu da maganar a bar ɗakunan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya fito da takardar lissafin da na rubuta da hannuna ya ce, "Dakta, fatake sun ƙare, marayun ƙanenmu kuwa kuɗin makaranta suke jira." Gaskiya ya faɗa, ban kuma sami abin da zan mayar masa ba. Aka fasa ɗakuna biyu, yanzu ɗaya mai sayar da kayan waya ne a ciki, ɗaya tela. Na ukun, wanda ke jikin zaure, na roƙa a bar shi, ina biyan 'yan'uwana kuɗin hayarsa daga albashina duk shekara. Matata tana ganin wauta ce, kuma akwai watannin da nake yarda da ita. Fatake dai ba su dawo ba. Amma a watan jiya wani jikan ɗaya daga cikin baƙin mahaifinmu ya kawo matarsa asibiti daga Damagaram, ya yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin. Mahaifiyarmu da kanta take zuba masa tuwo, ta ba yara su kai.